"Mota na shiga?"

Shekara bakwai na yi ina bin maigidana, dillalin filaye, kuma tambayar da masu saye ke fara yi ita ce, "Mota na shiga?" Ruwa da wuta da makarantar yara duk sai daga baya. Da farko na ɗauka burga ce, don wani ko keke ba shi da shi.

Ni ɗan cikin birni ne, na tashi a lungun da in mai kura ya taho sai ka manne da bango. Domin ƙafa da jaki aka tsara Kanon cikin ganuwa, mutum ya fito daga gida ya taka zuwa kasuwar Kurmi. Jirgin ƙasa da ya iso a 1911 ya ja gari zuwa wajen ganuwa, amma mota ce ta baza shi ko'ina: titin Zariya ya cika Na'ibawa, na Gwarzo ya cika Rijiyar Zaki, na Maiduguri ya kai mu Mariri. Gonar gero ce yau, da an ji ƙishin-ƙishin za a zuba kwalta sai ka ga dillalai da igiya. Ita kanta Ƙofar Na'isa a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi, abin da har yau yake min ciwo.

Darasin da ya fi zauna min a wani awon igiya na same shi. Maigida ya ce, "Matse hanyar nan, ka ga fuloti biyu sun fito." Na ce to, Alhaji, na matse. Bayan shekara huɗu na koma unguwar, wani magidanci ya kama hannuna ya nuna min inda suka ɗauko matarsa a tabarma cikin dare tana naƙuda, su huɗu, har bakin titi. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, Adaidaita Sahu ce abin hawan talaka, ita ma ba ta iya karya kwanar. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma ranar ban iya cin abinci ba.

Yanzu da nake cin gashin kaina, hanya nake fara fitarwa kafin fuloti, kuma sai na shiga da motar ɗibar yashi ta juya ta fito. Masu gona da dama sun fasa ba ni aiki saboda haka. Ko a makon jiya wani ya kira ni, ya ce na cinye masa fuloti guda a banza.