Na'urar da ta yi kwantai ce ta haifi kiɗan reif

Wanda ya kalli fim ɗin Human Traffic na 1999 ko 24 Hour Party People na 2002 zai iya tashi da tunanin cewa ƙwaya ce ta haifi kiɗan reif, wato kiɗan na'ura da ake kwana ana rawa da shi a manyan taruka. Ba haka abin yake ba. Kiɗan ya tsiro ne a Shikago da Ditiroit, a hannun baƙaƙen fata masu saka faifai irin su Frankie Knuckles da Juan Atkins, tun kafin matasan Ingila su haɗa shi da ƙwayar ekstasi a 1988.

Tushen sautin reif da ake kira asid wata 'yar na'ura ce, Roland TB-303, wadda kamfanin Japan ya fitar a 1981 don ta maye gurbin mai kaɗa jita mai kauri. Ko kusa ba ta yi kama da jita ba, ta yi kwantai, aka daina ƙera ta a 1984. Da ta koma kayan gwanjo sai samarin Shikago suka saya da araha. Ƙungiyar Phuture ta murɗa maɓallanta yadda masu ƙirar ba su nufa ba, aka sami faifan Acid Tracks, wanda ya fito a 1987.

Ga yadda ake gina irin wannan kiɗa, ko da manhajar kwamfuta mai kwaikwayon na'urar. A sa gudu tsakanin bugu 120 zuwa 130 a minti. Layin kiɗa taki 16 ne. Babbar ganga ta faɗi a taki na 1, 5, 9 da 13, tafi a na 5 da 13, ƙarar farantin ƙarfe na ganga (hi-hat) buɗaɗɗe a na 3, 7, 11 da 15. Sai a rubuta wa 303 ɗan gajeren zance mai murya uku ko huɗu, domin ba ta fitar da murya biyu lokaci guda. A sa alamar nauyi a taki uku ko huɗu kawai, a bar wasu muryoyin su zame cikin na gabansu. Daga nan aikin hannu ne: a ɗaga maɓallin amo, a riƙa buɗe na tace sauti sannu a hankali ana rufewa. Wannan kukan mai kamar tafasar ruwa shi ne asid ɗin. Inda sababbi ke faɗuwa: su ƙure amo har kaurin sautin ya zube, ko su sa nauyi a kowane taki, sai ya zama babu wanda ya fita daban.

Ta fuskar ƙwaya kuwa, finafinan sun fi nuna daɗin daren. Ekstasi na ɗaga zafin jiki. Ga rawa ta sa'o'i a ɗaki cunkushe, jiki sai ya kasa huce kansa. Tana kuma sa ƙoda ta riƙe ruwa, don haka wanda ya yi ta kwankwaɗar ruwa saboda tsoron zafi, gishirin jininsa na iya tsinkewa, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Haka wata 'yar shekara 18 ta rasu a Essex ta Ingila a 1995. A nan Trainspotting na 1996 ya fi faɗin gaskiya, sai dai shi a kan hiroyin yake, a Edinbura.

Abin da 24 Hour Party People ya kama daidai shi ne lissafin kuɗi. Kulob ɗin Haçienda na Manchesta ya cika maƙil, amma masu haɗiyar ƙwaya ba sa sayen abin sha, ribar ta koma aljihun dillalai, 'yan daba da bindigogi suka biyo baya, aka rufe shi a 1997.

Gwamnatin Birtaniya ta riga ta tsuke bakin jaka tun bayan taron reif na Castlemorton a Ingila a 1992, inda aka kwashe kusan mako ana kiɗa a fili. Dokar 1994 ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa taron dare mai kiɗan da bugunsa ke maimaituwa. Fim ɗin Beats na 2019 ya ɗora labarinsa a 1994, kan wasu samari biyu a Sukotland.