Haƙori da Leɓe: Raba "p" da "f" a Bakin Bahaushe

Ɗalibi zai rubuta "people" daidai sau ɗari, amma da ya buɗe baki sai ka ji "fiful". Tushen abin yana cikin Hausar kanta. Da leɓɓa biyu muke furta "f" ɗinmu, haƙori ba ya shiga. Shi ya sa wani zai ce "fara", wani kusan "para", Basakkwace ya ce "hwara", kuma kowa ya gane. Turanci kuwa ya raba su gida biyu: "pan" kasko ne, "fan" fanka.

In za ka ce "f", ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, ka saki iska a hankali. Sautin zai ja iya tsawon numfashinka. In "p" ce, rufe leɓɓa gam, tara iska, ka sake ta lokaci guda. Riƙe fallen takarda kamar faɗin yatsu uku daga bakinka: "pan" zai sa ta zabura, "fan" sai dai ta ɗan karkata. Ka yi a gaban madubi. Muddin ba ka ga haƙoranka a "fan" ba, Hausa kake yi har yanzu.

Wurin "v" ɗaya ne da na "f", sai dai maƙogwaro yana rawa. Dafa shi ka ji. Wanda ya haɗe leɓɓa ya mai da "vote" ɗinsa "boat".

Sai cusa wasali. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere ("sh" da "ts" sauti ɗai-ɗai ne), shi ya ba mu burodi, birki da sukudireba. A Hausa daidai suke, amma ɗabi'ar ce ke haifar da "sukul" a maimakon "school". Ja "s" ɗin kamar hucin maciji, ka faɗa kan "kul" ba tare da tsayawa ba.

"Think" da ke komawa "sink" ba ta da wuya: leƙo da tsinin harshe tsakanin haƙora.

Kada ka dogara da takardar Oral ta WAEC, wato jarrabawar furucin Turanci. Ba da baki ake amsa ta a Najeriya ba, mutum zai ci ba tare da ya ce uffan ba. Zaɓi kalmomi biyar masu tagwaye, irin su "pull" da "full", ka naɗi muryarka a waya minti 10 kullum. Kashegari ka saurara ido a rufe, ka rubuta wacce ka ji.