Ranar da na zagi mahaifiyar ƙawata saboda littafi

Ina aji biyu a Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ƙannena masu karatun littattafan waya, ku matso, don na ga kun kamo hanyar da na bi.

Wani littafi ne muke bi a WhatsApp, irin wanda ake biyan kuɗi a saka ki, marubuciyar tana sako shafi ɗaya ko biyu bayan isha'i. Labarin wani magidanci ne da ya ƙaro aure. Kafin a yi nisa mun rabe gida biyu, 'yan bayan uwargida da 'yan bayan amarya. Ni ce kan gaba a ɓangaren uwargida, har ana yi mini kirari da Sarauniya Amina, ni kuwa kai na ƙara kumbura.

Wani dare amaryar labarin ta kai wa mijin abinci ranar girkin uwargida. Raina ya ɓaci kamar a gidanmu aka yi. Na rubuta cewa duk macen da ta yarda ta shiga gida a ta biyu kwaɗayi ne ya kai ta, kuma 'ya'yanta a nono suke tsotsar munafunci. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta amsa da kalma uku: "Ba duka ba." Na bi ta da hoton dariya har biyar, 'yan bayana suka taya ni. Ba a jima ba aka ga ta fita daga group ɗin.

Sai da na kwanta na tuna Mama ta Tudun Wada. Mahaifiyar ƙawar tawa ita ce ta biyu a gidansu. Matar da kusan kullum Asabar take aiko mana da dambu a kula, nawa kason a ƙulle daban saboda ta san ba na son yaji da yawa. Ƙawata na kwance a gadon da ke kusa da nawa, ta juya wa bango fuska.

Ku lura, in kun ga mutum ya dage yana kare wani a cikin labari, sau da yawa wani nasa yake gani a jikinsa: uwarsa, yayarsa da aka saka, ko shi kansa. Ni ma da na zauna da kaina na gane ba don Allah nake bayan uwargidar nan ba, gwaggona nake tunawa da abin da ta haɗiya lokacin da aka yi mata kishiya. Ku yi musunku a kan abin da ta cikin littafin ta aikata, ku tsaya nan. Da zarar kun ce "duk amare", ko "duk zawarawa", ko "duk maza", kun bar littafi kun shiga gidajen mutane.

Sannan ku duba daga bakin wa kuke jin labarin. Namu daga bakin uwargida aka rubuta shi, kukanta muke ji, na amarya kuwa sai abin da aka ce ta ce. Wannan kakana ya riga ni ganewa. Yakan ba mu labarin musun da suke yi a zaure kan Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar rubutu da Hukumar Fassara ta nan Zariya ta shirya a 1933. Shi ɗan bayan Malam Zurƙe ne, abokin hamayyar Alhaji Imam, tauraron littafin. Hujjarsa ita ce Alhaji Imam ne ke ba da labarin, kuma mai ba da labari ba ya kayar da kansa. Da Zurƙe aka miƙa wa alƙalamin da mun ji wani abu daban. Su dai a kan tabarma ɗaya suke musun, kowa na ganin fuskar ɗan'uwansa, in rai ya fara ɓaci a canza zance. Waya ba ta nuna miki wannan. Ita kuma marubuciya tana karanta faɗanku, ta san shi ke jawo mata sababbin masu biya, shi ya sa take yanke shafi daidai inda zai fi tunzura ku.

Mako uku ƙawata ba ta wuce gaisuwa da ni ba, duk da haƙurin da na yi ta ba ta. Ranar da ta sauko ta ce in raka ta gida. A cikin keke daga Kongo zuwa Tudun Wada cikina sai ƙugi yake, na zaci ta kai ƙarata. Ashe ko da wasa ba ta faɗa ba. Mama ta shimfiɗa mini tabarma, ta ajiye kwano a gabana.

"Ke 'yar nan, me na yi miki kika ɗauke ƙafa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Jarrabawa ce, Mama."