Wuƙar Malam Mai Zobe

Ranar Alhamis babu karatu, don haka da hantsi kakana Malam yakan shimfiɗa buzunsa a zauren gidanmu na Shari Mansur a Makka, ya jawo ɗaurin kara, ya zura hannu a aljihun gaba ya ciro wuƙarsa. Kafin bakinta ya miƙe sai ta yi ƙas-ƙas-ƙas, sannan ta kama gam. Da ita yake feƙe wa almajiransa alƙalami. Yanka ɗaya a karkace, ya kankare gefe da gefe, ya ɗora bakin karan a farcen babban yatsansa ya ɗan tsaga, sai ya tsoma a kurtun tawada ya ja layi a gefen allo. In layin ya yi kauri ya ƙara kankarewa. Ni kuwa ina tsugune ina tsince ɓawon da ke zuba a kan buzu. Da ita yake raba goro, da ita yake yanke zaren ɗinkin gafaka. Bai taɓa bari na riƙe ta ba.

Yakan ce a kasuwar Wad Madani ya saye ta, da kuɗin tsintar auduga a gonakin Jazira. Yana cikin mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka yi shekaru a Sudan suna ƙwadago suna tara guzuri, sannan suka tsallako teku daga Sawakin zuwa Jidda. Ina da shekara goma sha biyu Allah ya yi masa rasuwa. Bayan nan mun tashi gida har sau biyu, kuma a tsakanin ɗaure kaya da kwance kaya wuƙar ta ɓace. Kowa na zaton tana wurin wani.

Abin da ya tayar mini da ita, ɗana ne ya fara rubutu a allo, na ce bari in yi masa alƙalami da hannuna. Na sa reza, kara uku na ɓata. A daren nan ban yi barci da wuri ba, ƙas-ƙas ɗin nan kawai nake ji a kunnena.

Abin da nake riƙe da shi a ƙwaƙwalwa kaɗan ne: ƙota ta itace mai ja-ja, jinjirin wata da taurari na farin ƙarfe a jikinta, da zobe a bayanta. Watan da taurarin su suka fara ɓatar da ni. Na yanke wa kaina hukunci cewa lallai ƙirar ƙasar Musulmi ce, ko Turkiyya ko Pakistan, na kuwa shafe wajen wata huɗu ina bin wannan hanya. Na zaga kasuwar Utaibiyya shago-shago, na tambayi 'yan Pakistan masu sayar da kayan yanka. Kowa ya fito mini da wuƙaƙen layya masu kube. Da na ambaci zobe, wani mai shagon kayan fita sahara ya ce ya gane, ya ɗauko mini Opinel ta Faransa. Wuƙa ce mai kyau, ƙotarta itace, amma nata zoben a wuya yake, murɗa shi ake yi ya kulle bakin, kuma shiru take buɗewa. Na saya don kunya, ga ta nan a kicin ana yanka albasa.

Waya ma ba ta fisshe ni ba. In ba ka san sunan abu ba, intanet sai ta yi ta zuba maka hotuna har idonka ya gaji.

Wani tsoho mai tsire a Jidda ya warware mini, irin tsiren namu da Larabawan Hijaz ke kira siriya. Na tsaya saye bayan isha, na ga yadda yake feɗe nama falle-falle, hira ta kawo hira, na ba shi labari. Bai tambaye ni launi ko ado ba. Ya ce, “Ɗana, in an buɗe ta tana magana?” Na ce, “Tana yi, Baba.” Ya ce, “In za a rufe, zoben ake ja?” Na ce haka ne. “Akwai dabba a bakinta?” Nan jikina ya yi sanyi, don sai a lokacin na tuna. Akwai wata 'yar dabba da aka buga a kan ƙarfen, ina yaro na ɗauka barewa ce. Ya yi murmushi ya ce, “Okapi kake nema. Ta Jamus. Zamaninmu mahauci da ɗan koli da direba kowa da tasa.”

Wata huɗu ina tambayar masu sayarwa, alhali masu amfani da ita ya kamata in nema. Mai shago abin da ke kantarsa ya sani. Wanda ya shekara talatin wuƙa na hannunsa, yadda take aiki zai tambaye ka, kuma a nan amsar take.

Da suna ya samu, sauran ya zo da sauƙi. A birnin Solingen na Jamus, garin da ya yi suna da ƙira, aka fara yin Okapi a 1902, kuma tun farko don kasuwar Afirka aka yi ta, musamman ƙasashen da Jamus ke mulka a lokacin irin su Kamaru da Togo. Dabbar da na ɗauka barewa okapi ce, 'yar uwar raƙumin dawa da ke dazukan Kwango, wadda Turawa ba su san da ita sosai ba sai 1901. Wuƙar talaka ce, mai araha, shi ya sa ta bi fatake ta shiga kowane lungu. A 1988 aka kwashe injinan aka koma da ƙirar Afirka ta Kudu. Wato sunan yana nan, amma wadda aka buga wa tambarin Jamus an daina yin ta, kuma irin ta Malam ke nan.

Ƙarar nan da ta zauna mini a kunne ma na gane dalilinta. Gindin bakin wuƙar yana da haƙora, a bayan ƙotar kuma akwai wani dogon ƙarfe mai danna su. Yayin buɗewa ƙarfen na tsallake haƙoran ɗaya bayan ɗaya, har ya faɗa cikin gurbin ƙarshe ya kulle. Zoben a jikin ƙarfen yake, in ka ja shi sai ya ɗaga ya saki.

Zumuɗi ya sa na yi asara ta biyu. Na ga wani ya sa hotonta a wani dandalin saye da sayarwa, ya rubuta tsohuwa ce ta asali, na tura kuɗi ban nemi ƙarin hoto ba. Da ta iso tana ƙyalli kamar madubi, rubutun a shafe yake a sama, farce ba ya jin zurfinsa, watan kuma fenti ne. Na yanka lemon tsami na bar ta ta kwana, ko gezau. Ta gaske galibi baƙin ƙarfe ce, in ta sha tsami sai ta yi duhu, in an bar ta da laima ta yi tsatsa, amma tana ɗaukar kaifin da waccan mai ƙyallin ba za ta taɓa ɗauka ba. Tun daga nan ba na biyan kowa sai na ga hoton gindin bakin kusa-kusa, inda tambarin yake, da hoton bayan ƙotar.

Daga baya wani abokin aikina ya samo mini sabuwa ta Afirka ta Kudu. Ba ni da abin cewa a kanta, ta gaske ce, sai dai tana zuwa da baki a dakushe, sai ka zauna da dutse ka wasa ta da kanka. Na kuma ga wadda kamfanin Cold Steel na Amurka ya yi a kan fasalinta, mai suna Kudu, da ƙotar roba. Amma zuciyata ba ta kwanta ba.

A kasuwar gwanjo ta Sawarikh da ke kudancin Jidda na same ta, a zuwana na shida, wata Juma'a bayan la'asar. Wani mutum ya baza tarkace a kan tabarma, tsofaffin makullai, agogunan da suka mutu, kawunan risho. A cikin wani gwangwanin madara na hango zobe. Tsatsa ta cinye bakin har ba ya buɗuwa, tauraro ɗaya ya fita ya bar rami a itacen. Na tofa yawu na goge gindin da yatsa, sai ga dabbar, ga sunan Jamus a ƙarƙashinta. Riyal goma sha biyar ya ce. Ban taya ba.

Kwana uku na jiƙa mahaɗarta da man keken ɗinki kafin ta motsa. Na bi bakin da takardar goge ƙarfe mafi laushi, a hankali, ban yarda na taɓa wurin tambarin ba. Duhun da ya rage na bar shi, don shi ke kare ƙarfen. Itacen na shafa masa man zaitun kaɗan. Ranar da na fara rufe ta na yanke yatsa, saboda na ja zoben alhali yatsuna na kwance a kan ramin da bakin ke komawa.

Na kai wa Umma ba tare da na ce komai ba, na buɗe a gabanta. Tana jin ƙarar ta ajiye carbinta. Ta karɓa ta juya ta, ta shafa watan da yatsa, ta daɗe ba ta yi magana ba. Da na miƙa hannu zan rufe da hannu biyu sai ta ce, “A'a, ba haka Malam yake yi ba.” Ta sa manuniya a zoben ta ja, ta kawar da sauran yatsunta gefe, ta danna bayan bakin a kan cinyarta, wuƙar ta kwanta. Ta ce, “Tasa ta fi wannan cinyewa, wasawa ta sa bakinta ya koma kamar ganyen dabino.”

Alhamis ɗin da ta biyo na zauna da ɗana da ɗaurin kara. Biyu na farko sun tsage har ƙasa. Na uku ya yi, ya tsoma a tawada ya ja layi a gefen allonsa, ya ce ya yi kauri. Na karɓa na ƙara kankarewa.