Auna aikin oreksin a faranti: inda sakamako ke lalacewa

A ɗakin gwajin da nake aiki a Jidda, abin da muke aunawa shi ne yadda oreksin ke kunna makarɓinsa, wato furotin da ke karɓar saƙonsa a jikin ƙwayar halitta. Oreksin ɗan guntun furotin ne da haifotalamus, wani sashe na ƙwaƙwalwa, ke fitarwa don ya riƙe mutum a farke. A 1998 aka gano shi. Iri biyu ne, A mai amino asid (tubalan ginin furotin) 33 da B mai 28, makarɓan ma biyu ne, OX1R da OX2R. Da zarar ya hau makarɓin, furotin Gq ya motsa, ya tayar da wani furotin mai suna PLC, a samu sinadarin isar da saƙo mai suna IP3, shi kuma ya buɗe rumbun kalsiyam na cikin ƙwayar halitta. Tashin kalsiyam ɗin nan muke kamawa.

Ƙwayoyin CHO (ƙwayoyin halittar dabba da ake rainonsu don gwaji) masu ɗauke da OX2R nake zubawa a faranti mai rami 96, su kwana. Washegari in sa musu rinin Fluo-4, mai haske idan ya haɗu da kalsiyam, na minti 45 zuwa 60 a zafin digiri 37, tare da sinadarin probenecid 2.5 mM. In babu shi, ƙwayoyin fitar da rinin suke yi, hasken ya dusashe. Na'urar auna hasken kuma dole ta riƙa karantawa a lokacin da take zuba oreksin, domin cikin daƙiƙoƙi kalsiyam ke kai ƙololuwa ya sauko.

Oreksin ɗin kansa ya fi komai ba da wahala. Manne wa roba yake yi, sai ka ɗauka ya yi rauni alhali rabinsa na jikin bututu. BSA (furotin jinin shanu) 0.1% a ruwan haɗi na magance wannan. Ina raba oreksin ɗin ƙanana-ƙanana in daskarar, wanda na narkar ba ya komawa firiza. Da zafin Jidda kuwa, kwalin da ya iso busasshiyar ƙanƙararsa ta ƙare ba na yarda da shi sai na gwada.

Maganin da ke toshe makarɓin, kamar suvorexant da Amurka ta amince da shi a 2014 don rashin barci, a hankali yake kamawa, a hankali yake saki. Sai an bar shi a kan ƙwayoyin kamar minti 30 kafin oreksin, DMSO, ruwan da ake narkar da maganin a ciki, kuma kada ya wuce 0.5%, in ba haka ba a raina ƙarfin maganin.

'Yan uwanmu a Makka da aikin dare ke juya wa barci a watan azumi kan tambaye ni wannan magani. Nakan ce su ga likita tukuna, musamman don an hana shi ga mai cutar nakolefsi (barcin da ke kama mutum kwatsam da rana), wanda dama oreksin ne ya yi masa ƙaranci. Mai wannan cuta maganin da ke kunna OX2R yake buƙata, kuma haɗa irin wannan magani ya fi wuya, tunda oreksin da kansa ba ya ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa sosai.