Yadda na ɓatar da aljani a tsakar gidanmu

Ni tela ne a unguwar Zariya da ke nan Maradi, amma tun da na sayi waya mai kyamara mai kyau nake haɗa gajerun finafinai da yaran unguwa duk ranar Lahadi. A wanda muke yi yanzu akwai wurin da aljani zai ɓace a gaban mai magani, kuma a nan na sha wahala.

Da farko na yanko yadi shida na koren ƙyalle a babbar kasuwa, na kafa shi a bango, domin manhajar haɗa bidiyo ta CapCut ta cire koren launi ta sa wani hoto a madadinsa. Sai dai ban goge ƙyallen ba, kowace tamoji ta yi inuwa, manhajar kuwa ta ɗauki inuwar a matsayin wani launi dabam. Ƙanena da ya fito a aljani ya tsaya dab da bango, koren ya haska farar rigarsa, rabin kafaɗarsa ya tafi tare da ƙyallen.

Daga baya na koma ga tsohuwar dabara: na ɗaure wayar a kan turmi don kada ta motsa, na ɗauki wurin da mutum a ciki, sannan na sake ɗaukarsa babu kowa, na haɗa biyun. Sharaɗin shi ne gaggawa, domin bayan la'asar inuwar katanga tana tafiya da sauri, kuma minti 5 ya isa ya tona asirin haɗin.