Wane ne ke ƙas-ƙas a cikin dutsen tankina?

Dutse mai rai, wato dutsen teku da muke sakawa a tankin kiwon kifi na ruwan gishiri, ba ya zuwa shi kaɗai. Cike yake da ramuka, kuma da mazaunansa ake ɗebo shi daga teku: tsutsotsi, soso, 'yan ƙaguwoyi, da jatan landen da ba wanda ya gayyata. Yawancinsu ma alheri ne. Amma da mutum ya kashe fitila ya ji ƙas! ƙas! sai hankali ya tashi, ya fara tunanin kwashe duwatsun gaba ɗaya. Ni dai shawarata, kada a taɓa komai sai an ga mai ƙarar ido da ido.

Biyu ne ke yin ta. Na farko shi ne jatan lande mai bindiga, irin su Alpheus. Hannunsa ɗaya ƙato ne, ɗayan ɗan ƙarami. In ya datse babban, ruwa ke fita da ƙarfi har kumfa ta taso, fashewar kumfar ce muke ji, kamar yadda bincike ya nuna a 2000. Akwai ɗaya a tankina, ban taɓa korarsa ba. Aikinsa tonon yashi da jibga tsakuwa a bakin rami, wani lokaci ya watsa wa murjanin da ke ƙasan tanki yashi in zo in kakkaɓe. Iyakar laifinsa ke nan.

Na biyun ne abin lura, wato mantis, wata dabbar teku mai kama da jatan lande. Danginsa daban, nau'insu ya haura 450. Hannayensa a naɗe suke kamar na ƙoƙi-ƙoƙi, idanunsa kuma a tsaye, kowanne yana juyawa inda ya ga dama. Cikinsu akwai masu suka, akwai masu duka, kuma masu dukan ne suka fi biyo dutse domin a ramukansa suke zama. A 2004 masaniyar halittu Sheila Patek da abokan aikinta sun auna naushin wani nau'i, ya kai mita 23 a daƙiƙa ɗaya. Zancen da ake ta yayatawa cewa mantis na fasa gilashin tanki, ɗan mitsitsin da ya ɓuya a dutse ba shi da wannan ƙarfin. Dodon koɗinka da ƙaguwoyinka dai sun shiga uku.

To yaya za a bambance? Mai bindiga ɗai-ɗai yake saki. Mantis kuwa in yana fasa ɓawo, a jere za ka ji dukan, da safe ka tarar da fasassun ɓawo a ƙofar rami. Tocila mai jan haske da ɗan haƙuri cikin dare sun isa ka gane gidansa.

In ka gane ramin mantis, sa safar hannu mai kauri, domin yana tsaga yatsa. Ciro wannan dutsen kaɗai, ka saka a bokiti, ka tsiyaya ruwan soda a ramin da sirinji. Sau da yawa da gudu yake fitowa. Nan take ka ɗauraye dutsen da ruwan tanki. Tarkon kwalba da ɗan naman kifi a ciki yakan yi aiki in dutsen ba ya ɗaguwa, sai dai dabbar na da wayo, in ta tsira sau ɗaya da wuya ta koma. Jiƙa dutsen gaba ɗaya a ruwan da ba gishiri ban yarda da shi ba, don za a kashe rayukan da saboda su aka sayi dutsen. Maganin da ke da jan ƙarfe kuwa kada ma ya kusanci tankin: yana kashe duk marasa ƙashin baya, kuma dutse na shanye shi.

Wanda aka kama ba sai an kashe shi ba. Masu sha'awarsa suna da yawa, ɗan ƙaramin tanki da guntun bututu da zai shige ya ishe shi. Sabon dutse kuma, a fara ajiye shi a wani mazubi daban na 'yan makonni, ana saurarensa da dare.